Tambaya da Amsa: Ina aiki a Abuja, a ina zan sayi gidana na farko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ofishinmu yana Sakatariyar Tarayya. Haya ta ishe ni, na ɗan tara abin da na tara, amma kuɗina ba za su kai gida a cikin gari ba. Dillalai sun nuna mini gidaje a Masaka da Kubwa da Suleja, na Masaka ya fi araha nesa ba kusa ba. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa albarka a abin da aka tara. Kafin a yi maganar farashi, ka daina auna nisa da kilomita, ka auna shi da agogo. A taswira Mararaba, wadda take kan hanyar Masaka, ta fi Kubwa kusa da tsakiyar gari, amma duk mutanen Masaka, Ado, Mararaba da Nyanya hanya ɗaya suke bi, wato titin Keffi, su matse a gadar Nyanya da Kugbo kafin su kai mahaɗar AYA da ke Asokoro. Mota ɗaya ta lalace a nan, safiyar kowa ta tafi. Titin Kubwa ya fi faɗi, amma wanda ya taso daga Suleja sai ya ratsa Madalla da Zuba da tirelolinsu kafin ya hau shi.

Dillali zai so ya kai ka ranar Asabar da hantsi, lokacin da titi yake fayau. Kada ka yarda da wannan awon. Ka kwana a unguwar daren Lahadi, ko a gidan ɗan'uwa ko a masauki, ka fito da safiyar Litinin a daidai lokacin da za ka riƙa fita, a irin motar da za ka riƙa shiga. Ka fara ƙirga daga ƙofar gidan, ba daga bakin titi ba, domin sau da yawa tsakanin gida da titi akwai tafiyar acaɓa ko Keke Napep mai kuɗinta daban. Ka maimaita da yamma ƙarfe biyar, sannan ka sake gwadawa ranar da aka yi ruwan sama.

Daga nan sai lissafi. Kwanakin aiki a wata kusan 22 ne. Idan kana cin awa uku a hanya kullum, zuwa da dawowa, awa 66 ke nan a wata. A ce gidan mai araha zai ƙara maka Naira 1,500 a kuɗin mota kowace rana, a shekara Naira 396,000 ne, a shekara goma ya kusa miliyan huɗu, ko da kuɗin mota bai ƙaru ba. Kowa kuwa ya ga yadda ya ƙaru tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ka ɗora wannan a kan farashin gidan na Masaka, sannan ka kwatanta. Ka haɗa da makarantar yara da wurin aikin uwargida in tana aiki. Gidan da ya yi maka kusa ya yi musu nisa, rigima ka sayo.

A ganinmu, ga mai aiki a Sakatariya, ƙaramin gida a Kubwa ya fi babba a Masaka, in dai takardunsa sun inganta. Wanda ofishinsa yake Asokoro, ko yake fita da asuba kafin cunkoso, lissafinsa daban ne.

Tambaya: An yi mini tayin fili ƙafa 50 da 100 a bayan Lugbe. Mai filin ya ce takardar sarkin ƙauyen yake da ita, kuma kowa a wurin haka ya saya. Ni malamar asibiti ce, ina tsoron rusau.

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna, a Babban Birnin Tarayya kuwa Ministan Abuja ne yake ba da fili. Takardar sarki ko ta mai unguwa ba ta ba ki mallaka a cikin Abuja, ko da shaidu goma ne suka sa hannu. Ranar da hukuma ta ba wani wurin, ko aka zo fitar da hanya, sai a shafa jan fenti a bango, kuma da wuya mai irin wannan takarda ya ga diyya. "Kowa haka ya saya" ba hujja ba ce. Waɗanda aka rushe wa gidaje tsakanin 2003 da 2007 su ma da yawa suke.

Ga yadda ake yi. Ki karɓi kwafin takardar filin da lambar fayil, ki ba lauyanki, naki na kanki ba na mai sayarwa ba, ya nemi bincike a AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja. Binciken zai nuna sunan wanda aka ba filin, ko na gidan zama ne ko na kasuwanci, ko an jinginar da shi a banki, ko an soke shi. Sannan ki ɗauki safiyo ya je da na'urarsa ya tabbatar cewa filin da aka nuna miki shi ne wanda ke cikin takardar. Nan ne ake yawan cutar mutane: takarda ta gaskiya, amma ta wani fili ce can daban. Kada ki ba da ko kafin alƙalami sai an gama waɗannan biyun. In za ki biya, ta banki, zuwa asusun mai sunan da ke takardar. Bayan ciniki akwai sauran aiki, wato neman amincewar minista da rajistar sauya suna, kuma kuɗinsu daban ne da la'adar dillali da ladan lauya.

A lura, Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce, bincikensu a NAGIS, ofishin bayanan filaye na jihar, ake yi. Suleja da Madalla kuwa jihar Neja ce.

Sai maganar ruwa, tunda Lugbe kika ambata. Wasu rukunin gidaje a Lugbe da Lokogoma sun sha ambaliya saboda an yi gini a kan hanyar ruwa. Ki je wurin a watan Agusta ko Satumba. Ki duba gindin katangun maƙwabta ko akwai zanen da ruwa ya bari, ki ga inda lambatu yake zubewa. Fili mai araha a gangare kusa da rafi, akwai dalilin arahar.

Tambaya: Ana cire mini kuɗin asusun gidaje a albashi shekara da shekaru. Zan iya amfana da shi?

Amsa: Ƙwarai. Asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1992, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, kuma wanda ya yi wata shida yana zubawa yana iya neman rance daga bankin lamunin gidaje na tarayya, wato FMBN, ta hannun wani bankin ba da lamunin gidaje. Kuɗin ruwansa kashi 6 ne a shekara, ana iya biya har shekara 30 gwargwadon abin da ya rage maka na aiki, kuma abin da za a riƙa cira a wata ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta yarda ma'aikacin da ya yi wata 60 yana tara fansho ya yi amfani da kashi 25 cikin ɗari na asusunsa a matsayin kason farko da zai biya na kuɗin gidan. Wanda ba ya son mu'amala da kuɗin ruwa ya tuntuɓi bankuna irin su Jaiz ya ji tsarinsu na sayen gida.

Sai dai duk waɗannan ba sa karɓar gidan da ba shi da takardar mallaka ta gwamnati. Don haka tun a ranar farko ka tambayi dillali wace takarda gidan yake da ita, kafin ka ɓata kuɗin mota zuwa gani.

Tambaya: Wuta da ruwan sha fa, yaya zan gane gaskiyarsu?

Amsa: Kada ka tambayi mai gida, tambayi mai shagon sayar da ƙanƙara da mai niƙa a layin. Su za su gaya maka awa nawa ake samun wuta da kuma yaushe taransifoma ta lalace, wa ya biya kuɗin gyara. Ka duba ko gidan yana da mita mai kati, kuma a nuna maka shaidar babu bashin kamfanin wuta na AEDC a kansa, domin sau da yawa sabon mai gida ake bi. In ka ga 'yan ga-ruwa sun cika layin da kurarsu, famfo ba ya zuwa. Ka sa kuɗin haƙa burtsatse da tanki a cikin farashin gidan.