Sabarmu tana nauyi duk ƙarshen wata: me za mu saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutoci a wani ƙaramin banki a Gombe. Da albashi ya shigo sai sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da aikin bankin, ta yi nauyi, layi ya kai har bakin titi. Dillali ya ce mu sayi sabuwa mai ƙarfi ninki biyu. Shugabanmu kuma ya ji cewa manyan bankunan duniya da menfirem suke aiki, yana so in bincika ko ita za mu nema.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar sayen menfirem ka ajiye ta gefe. Babbar kwamfuta ce, wadda aka fi sani ita ce ta kamfanin IBM, asalinta System/360 ta 1964, na baya-bayan nan kuwa su ne z16 ta 2022 da z17 ta 2025. Don masu hada-hadar miliyoyi a rana aka ƙera ta. Kuɗin lasisi, da ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ƙiftawa, da albashin gwanayenta sun fi ƙarfin banki mai rassa kaɗan.

Abin da nake so ka ɗauko daga wurin masu ita shi ne yadda suke raba aiki, kuma wannan kyauta ne. Ka tuna mai injin niƙa. Ga mai buhu goma na masara, ga yarinya da kwanon tattasai ana jiranta a ɗora miya. Mai hankali yakan sallami yarinyar, buhunan su jira, ko ya niƙa su da dare.

A z/OS, tsarin da ke tafiyar da menfirem, akwai WLM, mai raba aiki da IBM ya fito da shi tun 1994, kuma aikinsa ke nan. Mai kula yana faɗa masa buri, misali kashi 90 cikin 100 na cirar kuɗi su kammala cikin rabin daƙiƙa. Sai ya ba kowane rukunin aiki matsayi daga 1 zuwa 5. Akwai ma aikin da ba shi da matsayi, sai an samu rara yake ci. Duk bayan daƙiƙa 10 WLM yana duba wanda ya gaza burinsa, ya rage wa na ƙasa ya ƙara masa. Shi ya sa za ka ga menfirem ta kusa cika maƙil amma kwastoma bai ji komai ba. Aljihu ma ya koya musu: a wani tsarin lasisi ana cajinsu ne bisa awa 4 mafi cunkoso a wata, don haka ba sa yarda manyan ayyuka su haɗu lokaci guda.

To, kafin ka sa hannu a takardar dillali, ka auna. Ranar albashi mai zuwa ka buɗe Performance Monitor in Windows kuke amfani da shi, ko top da iostat in Linux ne, ka rubuta abin da ka gani duk rabin awa: furosesa (ƙwaƙwalwar lissafi), ram (ma'ajiyar wucin gadi), faifai (ma'ajiyar dindindin). In furosesa tana kashi 40 amma faifai ya cushe, ƙarin furosesa ba zai rage layi ba ko da mutum ɗaya. SSD, faifai mai sauri, kake buƙata, ko ƙarin ram. Sannan ka duba abin da ke gudana da hantsi. Zargina ya fi ƙarfi a nan: ana haɗa rahoton wata, ko ɗaukar kwafin ajiya, ko manhajar riga-kafi tana bincike, daidai lokacin da kashiya ke fama da jama'a. Ka mayar da su bayan la'asar ko tsakar dare, in inbatarku za ta kai asuba. Ka kuma sa mai manhajar bankin ya duba fihirisar rumbun bayanai, don tambaya ɗaya da manhaja ta yi wa rumbun ba tare da fihirisa ba takan tsayar da kowa.

In ka yi wannan wata biyu furosesa tana nan a cike, ka sayi sabuwa, da alƙalumanka a hannu.

Tambaya: Na gama karatun kwamfuta a Bauchi. An tallata mini kwas ɗin menfirem mai tsada. In biya?

Amsa: Ƙanwata, kada ki biya tukuna. IBM Z Xplore kyauta ne a intanet, kuma a kan z/OS na gaske za ki gwada JCL, harshen ba menfirem umarnin aiki, da COBOL, harshen da ake aiki da shi tun 1959. Laftof mai ram giga 8 ta isa, tunda aikin can nesa yake gudana, sai dai ki tanadi data. Ki yi wata uku, ki haɗa da SQL, harshen rumbun bayanai, da Linux, don su ne za ki fi samun mai nema a gida. Idan har lokacin zuciyarki tana ciki, ki sake rubuto mini sunan kwas ɗin da abin da suka ce za su koyar, mu duba tare.