Gyaran tsohuwar hedikwatarmu: a shafe ta da siminti a ɗora sola, ko yaya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ne mai kula da kuɗi da kayan aiki na wata ƙungiyar manoma a Damagaram. Hedikwatarmu tsohon gini ne na ƙasa mai kaurin bango, tun zamanin Turawa, daga baya aka ƙara masa ɓangaren kankare. Masu tallafa mana sun yarda su biya gyara, da sharaɗin ginin ya daina ƙara wa iska hayaƙin kabon. Ɗan kwangila ya ce a shafe duka bangon da siminti, a sa gilashi a gaba, a ƙara na'urorin sanyi, a ɗora sola. Gindin bangon yana damshi, kuma tun da tsohon masallacin Birni, tsohuwar unguwar garinmu, ya faɗi a damanar 2024 ba na samun barci. Ina tsoron wata rana ya rufta a kan ma'aikatanmu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoronka yana kan hanya. Kada ka sa hannu a takardar ɗan kwangilar tukuna.

Lissafin kabon na gini kashi biyu ne: wanda ake fitarwa wajen yin kayan gini, da wanda ake fitarwa kullum wajen wuta da sanyi. Na farkon kun riga kun ci ribarsa, tunda bangonku yana tsaye. Siminti kaɗai yana da alhakin kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya, kuma kowane buhu mai kilo 50 ya saki fiye da rabin nauyinsa a sama kafin ya iso gare ku. Don haka wanda ya ce zai rage hayaƙi ta hanyar sauke tirelar siminti a ƙofarku, lissafinsa a juye yake.

Amma ba hayaƙin ne ya fi damuna ba, shafen ne. Kusan kullum sai na ji wani ya ce siminti yana "ƙarfafa" ginin ƙasa. Ba ya ƙarfafa shi, ɓoye cutarsa yake yi har ta kai ga kisa. Bangon ƙasa yana shan laima daga tushe, yana kuma fitar da ita ta fuskarsa idan rana da iska sun buga shi. Haka ya rayu shekaru aru-aru. Ka lulluɓe shi da siminti, kamar ka sa wa mutum rigar leda ce a watan Mayu: gumin yana nan, hanyar fita ce babu. Sannan siminti da ƙasa ba sa motsi tare. Rana ta gasa shafen ya buɗe, dare ya yi ya tsuke, sai tsaga ƙanana su bayyana, waɗanda ido ma ba ya kulawa da su. Ruwan Agusta ya shiga ta nan, ya zauna a baya, ƙasar ta jiƙe ta saki, gara ta samu wurin zama. Daga waje bango sumul, an sha fenti, shugaba ya zo ya yanke ƙyalle an yi hoto. Daga ciki gindin da ke ɗauke da nauyin rufi ya zama taɓo.

Magina na zamani suna da dabarar da suke alfahari da ita: a kafa ƙusoshi, a shimfiɗa wayar kaji, wai don shafen ya kama. Ƙusa tana tsatsa. Duk abin da dabarar ke yi shi ne ta riƙe shafen ya daɗe a tsaye, ranar da zai faɗo kuma ya faɗo falle guda, ya tafi da rabin bangon. Bango mai yaɓen ƙasa idan ya fara ciwo kana gani da idonka, ka kira magini. Mai siminti ba ya gargaɗi. Haka fentin mai yake, haka daɓen siminti da ake kai shi har jikin bango ciki da waje, wanda ke tilasta wa damshin ƙasa ya hau bango tunda ba shi da wata mafita. Ka ƙara da bututun na'urar sanyi da ke ɗiga a jikin gini wata shida a shekara, babu mai cewa uffan.

Abin da ke ƙona mini rai, ba duka laifin ɗan kwangila ba ne. Takardun ƙiyasin kuɗi da kwamitoci ke karɓa suna da layin siminti, layin ƙarfe, layin fenti, ba su da layin makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yi yaɓe da shi. Maginin Birni da ya gaji sana'ar daga kakansa ba shi da rajista, ba shi da hatimi, don haka a idon ofis babu shi. Alhali Mariam Issoufou, mai zanen gine-gine 'yar Nijar, ta gina masallaci da tubalin ƙasa a Dandaji, ta mai da tsohon masallacin ɗakin karatu, duniya ta yaba. Mu nan muna jin kunyar ginin ƙasa.

Gobe da safe ka ɗauki maƙulli ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa, musamman inda aka taɓa yin facin siminti. Inda ya yi ƙarar ganga, shafen ya rabu da ƙasar. Ka duba farin gishiri a gindi, ka duba kan azara inda ta shiga bango. Idan ka ga tsaga da yatsa ke shiga, ko bango ya yi ciki, a fitar da mutane daga ɗakin a tokare rufin, kada a jira taron kwamiti. Cire tsohon siminti aikin rani ne, kaɗan-kaɗan, a bar wurin ya bushe, a cike da irin ƙasar da aka yi ginin da ita, a yaɓe da makuba ko farar ƙasa. A tsawaita indararo, a karkata ƙasar harabar ruwa ya riƙa gudu daga gini. Kuɗin yaɓen shekara-shekara ku sa shi cikin kasafi tun yanzu.

Gilashin gaba ku manta da shi. A garin da zafi ke wuce digiri 40, wannan tanda ce. Yawancin zafin ofis ta rufi yake shigowa: a yi masa farin fenti, a ɗaga rufi na biyu a sama da sarari don iska ta ratsa, a yi rumfa ga tagogin gabas da yamma, a dasa dogon yaro nesa kaɗan da tushe. Bayan haka za ku ga na'urorin sanyin da kuke bukata sun ragu. Tsofaffi masu gas ɗin R22 a sauya su, mai gyara ya zuƙe gas ɗin a tulu, domin kilo ɗaya nasa ya kai kilo 1,800 na kabon wajen ɗumama duniya.

Sola ita ce ta ƙarshe, kuma kuna da sa'a: aikin ofis da rana ake yi, batur kaɗan ya isa. Wanda ya ga yadda aka sha duhu da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023 ba ya bukatar a lallashe shi. Sai dai kada a huda rufin ƙasa a kafa farantan sola, iskar hadari ta fi nauyinsu haɗari. A ɗora su kan ɓangaren kankare bayan an gwada ƙarfinsa, ko a yi musu rumfar ajiye motoci. Ƙurar hunturu tana rage musu ƙarfi sosai, ruwa kuma ka san ƙarancinsa a Damagaram, don haka a ba mutum guda aikin sharewa da tsumma mai laushi da sassafe. Ku sa mita ku rubuta abin da kuke ci da abin da kuke samarwa tsawon shekara guda, wannan takardar za ku miƙa wa masu tallafin. Ɗan kwangilar kuwa, ka ce ya sake kawo ƙiyasi da sunan maginin ƙasa a ciki, in ya ƙi ku nemi wani.