Kayan zamani sun fi tsimin wuta, to me ya sa duniya ke ƙara shan ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kullum ana ce mana kayan zamani sun fi na da tsimin wuta da mai: ƙwan LED, firji, mota, har kwamfuta. In haka ne, ai kamata ya yi makamashin da duniya ke ƙonawa ya riƙa raguwa, amma sai na ji ƙaruwa yake ta yi. Shin maganar tsimin nan yaudarar 'yan kasuwa ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsimin gaskiya ne, ƙaruwar ma gaskiya ce, kuma sau da yawa tsimin ne ke haifar da ƙaruwar.

Ba kai ka fara lura da wannan ba. A shekarar 1865 wani masanin tattalin arziki na Ingila, William Stanley Jevons, ya duba abin da ya faru da kwal a ƙasarsu. Injin tururin da James Watt ya inganta yana yin aikin tsohon injin Newcomen da kwal kaɗan, don haka sai a zata buƙatar kwal za ta ja baya. Sai ga shi ta ninka. Da injin ya yi sauƙin riƙewa, masu masaƙu da masu narka ƙarfe da a da ba su isa su kafa shi ba duk suka kafa. Kowane inji ya rage ci, amma injunan sun yi yawa. Har yau masana na danganta wannan al'amari da sunan Jevons.

Sai dai ba a kowane fanni yake da ƙarfi iri ɗaya ba, kuma nan ne masu yawan ambatonsa ke zarmewa. Ƙwan LED yana rage aƙalla kashi 75 cikin 100 na wutar da tsohon ƙwai mai zare ke sha. Wanda ɗakinsa ya riga ya wadatu da haske ba zai rataya ƙwai goma don kawai sun yi araha ba, saboda haka ribar tsimin takan zauna a aljihunsa. Inda buƙata ba ta biya ba kuwa, araha buɗe ƙofa take yi. Dubi na'urar sanyaya ɗaki: a 2018 Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ƙiyasta akwai kimanin biliyan 1.6 a duniya, kuma za su iya kaiwa biliyan 5.6 nan da 2050. Ni dai ban ga laifin mai neman sanyi a tsakiyar zafi ba. Wannan ƙaruwar alama ce ta mutane na fita daga ƙunci.

Na baya-bayan nan su ne cibiyoyin adana bayanai, manyan gine-ginen da ke cike da kwamfutocin da ke riƙe da intanet da ƙirƙirarriyar basira. Kwamfutar yau tana lissafi da wuta kaɗan ƙwarai in an kwatanta da ta shekaru 20 da suka wuce, amma lissafin da ake ɗora mata ba ya da iyaka. IEA ta ce a 2024 cibiyoyin sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya, kuma tana hasashen yawan wutar da suke sha zai fi ninki biyu nan da 2030.

Shi ya sa a ganina tambayar da ta fi nauyi ita ce: daga ina wutar ke fitowa? Har yanzu kusan kashi 80 cikin 100 na makamashin duniya daga kwal da man fetur da iskar gas yake, kuma hayaƙinsu ne ke ɗumama yanayi. Tsimi shi kaɗai ba zai sauke wannan adadi ba, sai an haɗa da sauya tushen wutar da kuma dokokin da ke sa mai gurɓata iska ya biya. A nan dabi'ar da Jevons ya gano ta juyo tana taimako: farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma da ya yi araha sai aka yi ta kafa shi.

Ƙasar Jevons ɗin ma ta rufe tashar lantarkinta ta ƙarshe mai aiki da kwal, ta Ratcliffe-on-Soar, ranar 30 ga Satumba, 2024. Hayaƙin da Birtaniya ke fitarwa ya ragu da kusan rabi tun daga 1990, tattalin arzikinta kuma ya ci gaba da girma. Amma ka riƙe wannan lissafin da hattara: da yawa daga kayan da suke amfani da su yanzu a masana'antun China da wasu ƙasashe ake ƙera su, kuma hayaƙin ƙerar a kan waɗancan ƙasashen ake rubuta shi.