Ga mai shirin tafiya Ingila da yara

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don abin da kike tsoro shi ne ya same ni. Kin ce maigida ya samu aikin asibiti a Ingila, za ku tashi da yara biyu, babbar shekararta huɗu, ƙaramin yana goye, kina neman yadda za su iya Turanci ba tare da Hausa ta gudu ba. To Turancin dai ki cire shi daga ranki. A can mai shekara huɗu a watan Satumba take shiga ajin share fage, daga ƙarfe tara har bayan uku tana cikin Turanci, ga talabijin, ga ƙawaye. Kafin shekara ta zagayo za ki ji tana gyara miki naki. Hausar ce marainiya, ba ta da kowa a can sai ke.

Mu a Manchesta muka zauna. Babban ɗana ya yi jinkirin magana, sai wata malama a gidan rainon da nake kai shi, don daga shekara uku gwamnati na biya wa yaro awa 15 a mako, ta zaunar da mu ta ce harshe biyu ne ke rikita shi, a ajiye na gida tukuna. Na ce ban yarda ba. Abbansu ya ce ita ta san aikinta, ya kafa doka Turanci zalla. Da layi ya zo kanmu wajen masu duba maganar yara a asibiti, matar cewa ta yi sam, uwa ta yi wa ɗanta harshen da ta fi iyawa, harshe biyu ba ya hana yaro magana. Amma lokacin bakin alƙalami ya bushe, yaro ya saba.

Sai muka zo Kano biki gidan su maigida a cikin gari. Tsakar gida cike da mata, Hajiya na kan tabarma ta miƙa hannu tana cewa zo nan maigidana, ka zo da kuɗin cefane? Yaron nan ya tsaya ƙerere, ko durƙusawa bai yi ba, ya juyo yana tambayata da Turanci me tsohuwar nan take cewa. Yayar maigida ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! An kai mana jika an mayar da shi Bature. Uwa tana gida ba aiki ba sana'a, ko sannu ta kasa koya masa." Aka kwashe da dariya. Ita da ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga waya ta ce a ba ta yaron su gaisa ba! Kuma ƙanin nata da ya kafa dokar yana zaure, da na faɗa masa da daddare cewa ya yi ai kin san halin Yaya, ki yi haƙuri. Haƙurin me? A banɗaki na yi kukana na wanke fuska na fito rabon abinci. Har yau in muka haɗu a wajen suna ina gaishe ta, Allah ya gani, amma maganar tana nan. Hajiya kuwa ta rasu ba su taɓa yin hira ta kirki da shi ba, Allah ya jiƙanta.

Don haka ki fara da maigida tun kuna nan Kano, ku yi magana ta ƙare. In 'yarki ta amsa miki da Turanci kar ki yi faɗa, ki maimaita mata da Hausa ki ci gaba da aikinki. Faɗan ma da Hausa, lallashin da Hausa. Kar ki dogara da islamiyya, yawanci 'yan Pakistan da Somaliya ne ke riƙe da su, da Turanci ake bayani. 'Yan Najeriya kuwa suna da yawa amma akasari 'yan kudu ne, sai kin tashi tsaye kin nemo Hausawa.

Autata da aka haifa a can ta fi yayanta Hausa nesa ba kusa ba, don kullum sai ta yi waya ta bidiyo da Ummata, ana yi mata Gizo da Ƙoƙi. Lokaci ma ba matsala, da zafi agogon Najeriya ɗaya da na Ingila, da sanyi Najeriya na gaba da awa ɗaya. Ki riƙa barin Arewa24 ko Freedom Radio a kunne ta intanet. Dogon hutunsu mako shida ne, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. In da hali ki kawo su, ki sake su cikin 'yan'uwa, kuma ki ja kunnen 'yan gidan, don su ma Turanci za su so gwadawa a kansu. Ni da muka dawo gaba ɗaya na sa babban ɗana makaranta a Nasarawa, sai na tarar ana cin tarar mai yin Hausa a aji.

Kuma ki tafi da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yawa, can tsada suke in ma an samu. Kilishi da man shanu kar ki sa su a jaka, ba a shiga ƙasar da nama ko kayan madara daga nan, karɓewa za su yi. Allah ya kai ku lafiya.