Tambaya da Amsa: Ko An Yi Tsimin Ruwan Allura a Hoton Huhu?

Tambaya: Likita, an yi wa mahaifiyata hoton CT (hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka) na jijiyoyin jinin huhu saboda ana zargin gudan jini ya toshe su, kuma takardar ta nuna mililita 60 na ruwan allura aka ɗura mata, alhali mahaifina da aka yi masa hoton hanta an ɗura masa 100. Ko tsimi aka yi mata? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ba a yi mata tsimi ba, domin hotunan biyu ba buƙatarsu ɗaya ba.

Ruwan yana ɗauke da sinadarin aidin, wanda ke sa jini ya fito fari tas a hoto, gudan jinin kuma ya bayyana duhu a tsakiyar jijiya. A hoton hanta ana jira kamar sakan 70 har ruwan ya bazu a jiki, shi ya sa ake lissafa shi da nauyin mutum. A hoton huhu kuwa wucewarsa ta farko ake tarewa, lokacin da ya fito daga ɓangaren dama na zuciya, kuma na'urar zamani tana gama ɗauka cikin 'yan sakanni. Saboda haka saurin ɗurawa da dacewar lokaci sun fi yawan ruwan muhimmanci.

Galibi ana sanya kanula (ɗan bututun roba da ake sawa cikin jijiya) mai faɗi a lanƙwasar gwiwar hannu, na'ura ta tura mililita 4 zuwa 5 a kowane sakan, sannan a bi da ruwan gishiri domin ya kora abin da ya rage a jijiyar hannu. Idan ruwan mai miligiram 350 na aidin a kowace mililita ne, to mililita 60 ta kai giram 21, kuma za ta shige cikin sakan 12 zuwa 15. Na'urar ɗaukar hoton tana sa ido a kan babbar jijiyar huhu, sai ta ga hasken ya kai ma'aunin da aka sa mata take fara ɗauka. Ga marar ƙiba akan rage ƙarfin na'urar daga kilobolt 120 zuwa 100 ko 80, inda aidin ke ƙara haske, sai ƙaramin ruwa ya wadatar. Mai ƙiba sosai da mai juna biyu sukan buƙaci ƙarin yawa ko sauri.

Abin da ya fi ɓata wannan hoto, a ganina, shi ne jan dogon numfashi daf da ɗauka, domin yana janyo jinin da bai gauraya da ruwan ba daga ƙasan jiki, sai jijiyoyin su dusashe.

Ragin ma alheri ne ga ƙodar dattijuwa, musamman idan gwajin eGFR, wato ma'aunin ƙarfin aikin ƙoda, ya gaza 30, inda akan dakatar da maganin suga na metformin har awa 48. Ki duba rahoton likitan hoto: idan ya rubuta cewa jijiyoyin sun haska sosai, to ruwan ya isa, idan kuwa ba su haska ba shi da kansa zai nemi a maimaita.