Tambayoyin Masu Karatu: Wa Ke Ƙirga Masu Kallon Talabijin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk azumi sai in ji wannan tasha ta ce ita ce kan gaba a yawan masu kallo, waccan ma ta ce ita ce. Mu dai ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa ya tambayi abin da muke kallo. Daga ina lissafin yake fitowa? Daga wata uwar gida, Shara Mansur, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ai ba kowane gida ake ƙirgawa ba. Mai miya ba ta shanye tukunya don ta ji gishiri, ludayi ɗaya ya isa, muddin an juya miyar sosai. Kamfanin auna masu kallo yakan fara da binciken jama'a: gidaje nawa, mutum nawa a kowane gida, shekarunsu, 'yan ƙasa ne ko baƙi. Sai ya zaɓi 'yan dubban gidaje da za su wakilci sauran, ya liƙa wa kowace talabijin ɗinsu ƙaramar na'ura. Kowa a gidan yana da maɓallinsa a jikin wani rimot na musamman, in ya zauna kallo ya danna, in zai tashi ya sake dannawa. Na'urar takan gane tashar ta hanyar sautin shirin, cikin dare ta tura bayanan, da safe masu talla su ga lissafi minti bayan minti. Kamfanin Nielsen ya soma amfani da irin wannan na'ura a Amurka a 1987.

Lamba biyu ake fitarwa, kuma a nan wayon yake. Mu ƙaddara gida 1,000 ne ke da talabijin, 600 sun kunna bayan Tarawihi, 150 na kallon tasha guda. In an auna da dukkan gidajen, ta samu kashi 15 cikin ɗari. In an auna da waɗanda suka kunna kaɗai, kashi 25 ne. Tasha sai ta ɗauki lambar da ta fi yi mata kyau. Wata kuma ta ware mata zalla, ko awar buɗa-baki kawai, ta ce ita ce gwarzuwa. Kowa ya faɗi gaskiya, amma ba dukanta ba.

Kuskure ma yana shiga. Yara su manta da danna maɓalli, ko a bar talabijin tana ta surutu kowa ya tafi masallaci. Masu kallon ƙwallo a gidan gahawa ba sa shiga lissafin gida. Tsohuwar hanyar da aka daɗe ana bi a ƙasashen Larabawa ta fi wannan rauni: a bugo waya washegari a ce me ka kalla jiya. Mutum kuwa sunan babbar tasha ne ke fara zuwa bakinsa, ko da rabin daren a wata ya yi shi.

Tambaya: Yaushe aka fara wannan gasa tsakanin tashoshi, kuma su wa suka fara ta? Daga wani ɗalibi, Madina.

Amsa: Malam, a Amurka ta samo asali, kuma daga rediyo ta gangaro. An kafa NBC a 1926, CBS a 1927. Hukuma ta tilasta wa NBC rabuwa da ɗaya daga cikin layukanta biyu, aka sayar da shi a 1943, shi ne ya zama ABC. Tallar farko da doka ta amince da ita a talabijin ta agogon Bulova ce, ranar 1 ga Yuli, 1941, a birnin New York. Bayan NBC, CBS da ABC akwai ta huɗu, DuMont, wadda ta durƙushe a 1956, ukun nan suka ci kasuwa su kaɗai har Fox ta Rupert Murdoch ta shigo a 1986. Abin da ya tsayar da ita da ƙafafunta wasa ne: a ƙarshen 1993 ta biya kusan dala biliyan 1.6 na shekara huɗu, ta ƙwace wa CBS haƙƙin nuna ƙwallon Amurka. A Ingila sai 1955 aka buɗe ITV, ta fara goga kafaɗa da BBC.

A nan Saudiyya talabijin ɗin gwamnati ta fara aiki a 1965. Gasar kasuwanci ta zo ne ta sama, ta tauraron ɗan'adam. Walid al-Ibrahim ya buɗe MBC a Landan a 1991, Saleh Kamel ya kafa ART a 1993, Orbit ta biyo baya daga birnin Rum a 1994. Ka lura, kuɗin Saudiyya ne duka, amma mazaunin a waje. MBC ta koma Dubai a 2002, sai a 2022 ta buɗe hedikwatarta a Riyad. Orbit kuwa ta haɗe da Showtime a 2009 suka zama OSN.

Tambaya: Me ya sa ake dakatar da shirin da jama'a ke so? Daga wani tela, Jidda.

Amsa: Maigida, tashar kyauta ba kai take sayar wa shiri ba, idonka take sayar wa mai talla. Shi kuma ba yawa kaɗai yake nema ba, masu saye yake nema. A Amurka 'yan shekara 18 zuwa 49 ake wa rububi. A 1971 CBS ta soke shirye-shiryen karkara da dama alhali suna da ɗimbin masu kallo, don akasarinsu dattawa ne da mutanen ƙauye. A nan ma haka lissafin yake, shi ya sa ake tara manyan musalsal, wato wasannin kwaikwayo masu dogon zango, a Ramadan, lokacin da iyali ke zaune wuri ɗaya kuma cefane ya fi yawa. Shirin da masu kallonsa ba sa cikin gidajen da ake aunawa, ko ba su ne masu talla ke bi ba, kuɗin tallarsa ba zai biya kuɗin shirya shi ba, sai a ba wani lokacinsa.