Kyamarar baya ga mota mai ɗaki: mai waya ko maras waya?

Malam, ka tambaya wacce ta fi dacewa da doguwar motarka mai ɗakin kwana. Ni dai mai waya zan ce. Maras waya ta fi saukin ɗaurawa, amma tsawon motar da ƙarfen jikinta kan sa hoton ya riƙa yankewa, sau da yawa daidai lokacin da kake ribas.

Nemi mai lambar IP68, wato alamar cewa tana jure ruwa da ƙura, wadda kuma ke gani da dare. Ka kafa ta can sama a tsakiya, ka ɗan sunkuyar da ita har bamba ta fito a allo. Idan ka jona ta da fitilar ribas, sai ka sa giyar baya za ta kama. Ramin da ka huda don shigar da wayar kuwa, toshe shi da silikon, kada ruwa ya shiga bango.